Rabon mace: abin da doka ta rubuta da abin da yake isa hannunta

A Jos, magidanta uku za su iya rasuwa a unguwa ɗaya cikin mako ɗaya, kowanne ya bar gida da mata da 'ya'ya, amma a raba dukiyarsu ta hanyoyi uku da ba su yi kama da juna ba. Wanda yake Musulmi, malami ko alƙali zai yi lissafin gadonsa bisa Shari'a. Wanda ya yi aure bisa al'adar ƙabilarsa, dattawan dangi ne za su zauna, in an kasa jituwa a tafi kotun da ke duba al'ada. Wanda kuma ya ɗaura aurensa a rajista ƙarƙashin Dokar Aure, lamarinsa na babbar kotu ne. Jihar Filato tana da kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a, tana da ta al'ada, ga babbar kotun jiha, dukansu a gari ɗaya. Saboda haka mai son ya ga yadda matsayin mace yake bambanta daga wata al'umma zuwa wata ba sai ya ƙetare teku ba. Matan da ke kasa kaya kusa da juna a Taminus ko Farin Gada, ranar da mutuwa ta shiga gidajensu kowacce dokarta daban.

Duk lokacin da zancen haƙƙin mata ya taso a rediyo ko a Facebook, gardamar takan tsaya kan wa ya riga wa. Wasu su ce Musulunci ya ba mace haƙƙinta tun shekara 1400 da suka wuce, don haka ba mai koya mana komai. Wasu su ce ai a ƙasashen Turawa ne mace ta samu 'yanci, mu muna baya. Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya, kuma kowanne yakan tashi daga gardamar hankalinsa kwance, alhali matar da aka hana gadon ubanta tana nan inda take. Ni ma'aunina a wannan magana shi ne abin da yake saura a hannun mace a lokuta uku: ranar da ubanta ya rasu, ranar da mijinta ya rasu, da ranar da aurenta ya mutu. Sai kuma ko akwai ƙofar da za ta ƙwanƙwasa a saurare ta idan an danne ta. Da wannan ma'auni, kowace al'umma tana da inda ta yi kyau da inda ta gaza.

Mu fara da Turawan, tunda su ake yawan kafa hujja da su. A Ingila, har tsakiyar ƙarni na 19, mace in ta yi aure doka ba ta ɗaukarta mutum mai zaman kansa. Kuɗin da ta shigo da su da abin da ta samu da guminta duk na miji ne, ba ta ƙulla yarjejeniya da sunanta, ba ta kai ƙara ita kaɗai, in ban da 'ya'yan masu hali da iyayensu ke nema wa dabarar lauyoyi. Sai a 1870 majalisarsu ta yarda cewa abin da matar aure ta samu daga aikinta nata ne, a 1882 kuma aka ba ta ikon mallakar dukiya sosai. A Faransa dokar Napoleon ta 1804 ta rubuta wa mace biyayya ga miji, kuma matar aure ba ta samu cikakken ikon buɗe asusun banki ko kama aiki ba tare da izinin mijinta ba sai a 1965, lokacin da Najeriya ta riga ta yi shekara biyar da samun mulkin kai. Matan Suwizalan ba su jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa ba sai 1971, akwai ma wani yanki nasu da sai da kotu ta tilasta masa a 1990. Wato abin da ake gani yau a can bai daɗe ba, kuma da faɗi-tashi aka same shi. Amma akwai abin da ya kamata a yaba musu: idan suka rubuta doka, sukan kafa mata rajista da kotu da ma'aikacin da zai tabbatar an bi ta.

A lokacin da matar Bature ba ta da iko da albashinta, matar Bahaushe tana cikin gidanta tana daka fura, tana suyar ƙuli-ƙuli, tana kiwon awaki, tana zubin adashi, kuma ko sisi miji ba shi da hurumi a ciki. Yakan ci bashi a hannunta ya biya. Yakan sayi ƙosan da ta soya a gidansa. Sadakinta nata ne da nassin Alƙur'ani, kuma aure ba ya goge mata sunan ubanta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da ɗaliban waje, 'yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke kai karatu ga matan ƙauyuka. Wannan tarihi namu ne, ba aro ba. Sai dai a faɗi ɗaya gefen: sana'ar cikin gida ba ta isa kasuwa sai ta kan farantin talla, farantin nan kuwa a kan yarinya yake, a sa'o'in da ya kamata tana aji. 'Yancin dukiyar uwa sau da yawa da karatun 'yarta ake biyansa.

A kan gado, Suratun Nisa'i ba ta bar wa kowa wurin kame-kame ba. Aya ta 7 ta ce maza suna da rabo, mata suna da rabo, dukiyar ta yi kaɗan ko ta yi yawa. Aya ta 11 da ta 12 da ta 176 suka yanka kason kowa. Matar mamaci tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, in ya bar 'ya'ya, ko ɗaya bisa huɗu in bai bari ba. 'Ya ɗaya tilo tana da rabi, biyu ko fiye in babu namiji suna da biyu bisa uku. In akwai maza da mata, namiji yana ɗaukar rabon mata biyu. Akwai kuma wuraren da rabon yake daidai, kamar uwa da uba da kowannensu ke samun ɗaya bisa shida in mamaci ya bar ɗa, ko 'yan'uwan da aka haɗa uwa kaɗai. Mu ɗauki misali. Magidanci ya bar gida a Unguwar Rogo da aka yi wa kuɗi naira miliyan 24, ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku, iyayensa sun riga shi, babu bashi babu wasiyya. Matar tana da miliyan 3. Ragowar miliyan 21 a raba kashi bakwai, kowace 'ya miliyan 3, kowane ɗa miliyan 6. Ɗalibin Islamiyya ma zai iya wannan lissafi.

To ina matsalar take? Tana tsakanin lissafin da hannun mai haƙƙi. Ranar rabo za ka ga an shimfiɗa tabarma a zaure ko ƙofar gida, maza sun kewaye malam, mata suna can ciki, sai dai a aika yaro ya gaya musu abin da aka yanke. Wannan ma in an yi rabon ke nan. Abin da ya fi yawa shi ne babban wa ya ce, "Gidan Baba ba za a sayar ba, a bar shi kowa ya amfana." Maganar tana da daɗin ji. Amma su wa ke zaune a gidan? Maza da matansu. Wa ke karɓar kuɗin hayar shagunan da ke jikin katanga? Yaya. Ita kuwa ƙanwar da ke aure a Bukuru ko Bauchi, in ta yi ƙarfin hali ta ce, "Yaya, ya maganar rabon nan?" sai ta ji, "Haba, ke da kike ɗakin mijinki, me kika rasa? Ko so kike a ce mun watse tun ƙasa ba ta bushe ba?" Daga nan shekara goma ta wuce, ashirin ta wuce, wasu magadan su rasu, gado ya hau kan gado, har lissafin ya gagari wanda ba gwani ba.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan laushi, amma cutar ɗaya ce. A yi wa gidan kuɗi ƙasa da darajarsa, mazan su ce za su fanshi rabon matan, su biya kaɗan-kaɗan. Wadda aka yi wa lissafin miliyan 3 kafin 2023, aka ci gaba da ba ta dubu hamsin yau dubu ɗari bayan wata shida, kowa ya san abin da faɗuwar naira da tsadar kaya suka yi wa kuɗinta, alhali gidan yana ƙara daraja a hannun wanda ya riƙe shi. A ƙauye kuma gona ce: a ce mace ba ta noma, a ba ta tufafi da kwanoni da 'yan kuɗi, ƙasar ta zauna wurin maza.

Mutane sukan tambaya, me ya hana ta zuwa kotu, tunda alƙali ba zai hana ta ba? Amsar tana cikin yadda rayuwarta take a ɗaure. Gidan nan da take neman rabonta a ciki, nan za ta koma in ta yi yaji, nan za ta koma in an sake ta. Wan nan da za ta yi ƙara, shi ne waliyyin da zai tsaya mata gaban dangin miji, wataƙila shi zai aurar da 'ya'yanta. Tana auna miliyan 3 da mafakar da za ta buƙata wata rana, sai ta zaɓi mafakar. Ga kuma uwa a gefe tana cewa, "Kar ki tona mana asiri, in kin kai ɗan'uwanki kotu ban yafe ba." Ba jahilcin haƙƙinta ne ya sa ta yi shiru ba, lissafi ta yi, kuma lissafin mai hankali ne a halin da aka sa ta. Abin da yake ci mini rai shi ne hujjar da malamai suka bayar ta ninka rabon namiji ita ce nauyin ciyarwa da ke kansa, har da na 'yar'uwarsa in ta rasa mai riƙe ta. Wanda ya karɓi ninkin, ya haɗa da nata, sannan ta zo da 'ya'ya bayan saki ya ɗaure mata fuska, ya ci haƙƙi biyu. Ayoyin da suka biyo bayan rabon gado sun kira shi iyakokin Allah, suka yi gargaɗin wuta ga mai ƙetare su, hadisi ingantacce kuma ya yi magana a kan wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci. Muna jin waɗannan a wa'azi, amma ba kasafai ake ambatar 'yar'uwa a cikin misalin ba.

Maƙwabtanmu matsalarsu ta wani fanni ce, domin su a wurare da yawa al'adar ce da kanta ta rufe ƙofar. A ƙasar Ibo, al'ada ta daɗe tana cewa 'ya mace ba ta gadon gida ko filin ubanta. Wani mutum mai suna Lazarus Ukeje ya rasu a 1981 bai bar wasiyya ba, matarsa da ɗansa suka karɓi takardar kula da dukiyar suka bar 'yarsa Gladys a waje. Ta shiga kotu a Legas. Ba a gama shari'ar ba sai Afrilun 2014, lokacin da Kotun Ƙoli, ta bakin Mai Shari'a Bode Rhodes-Vivour, ta ce al'adar da ke hana 'ya gadon ubanta ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki, wanda ya haramta wariya saboda jinsi ko yanayin haihuwa, don haka ba ta da ƙarfi. A cikin Afrilun 2014 ɗin dai kotun ta yanke hukunci a wata shari'ar daga Awka, inda dangin miji suka nemi korar wata mata daga gidan mijinta saboda ba ta da ɗa namiji, kotu ta yi tir da al'adar. A duba tsawon lokacin: fiye da shekara 30 daga rasuwar uba zuwa hukuncin ƙarshe. Mata nawa ne ke da kuɗin lauya da ƙarfin zuciyar da za su jure haka? Shi ya sa bayan hukuncin ma sai da Jihar Ribas ta yi dokarta a 2022 don tabbatar wa mata rabo a dukiyar iyali. Kuma kada wani ya ɗauka matan Ibo raunana ne. Su ne a 1929 suka tashi dubbai a yankin Aba da kewaye kan jita-jitar za a ɗora musu haraji, aka harbe fiye da 50, suka girgiza tsarin sarakunan da Turawa suka naɗa. Mace tana iya riƙe kasuwa gaba ɗaya, ta kasa gadon fili ɗaya a gidan ubanta.

Yarabawa kuma nasu ya bambanta. 'Ya mace tana gadon ubanta kamar ɗa namiji, har akan raba dukiya bisa yawan ɗakunan matan mamaci, kowane ɗaki kaso ɗaya. Amma ita matar, a al'adance, ba ta gadon mijinta. A nan Filato da kewayenta, a al'adun ƙabilu da yawa gona tana bin layin maza ne. Matar da ta yi shekaru tana noman dankali da kabeji da karas, wadda guminta ke cika motocin da ke shigowa Farin Gada, zamanta a gonar yakan dogara ga ko ta haifi namiji da kuma halin ƙannen mijinta. Rikice-rikicen da garin nan ya sha tun Satumban 2001, da na 2008 da 2010, sun bar mata masu takaba a kowane ɓangare, Musulmi da Kirista. Da yawansu gida ya ƙone da takardunsa, kuma ko da takardar ta tsira ba sunansu ke kai ba.

Akan ɗauka cewa inda ake bin dangin uwa mace ta huta. Ba kullum ba. A wurin Ashanti da sauran Akan na Ghana, sarauniyar uwa ce ke gabatar da wanda zai hau gadon sarauta, kuma Yaa Asantewaa ce ta ja yaƙi da Ingilishi a 1900. Amma da yake dukiyar namiji tana komawa ga danginsa na wajen uwa, irin su ɗan 'yar'uwarsa, matarsa da 'ya'yan cikinsa suna iya tashi hannu wofi. Sai da gwamnatin Rawlings ta yi doka a 1985 ta yanka wa mata da 'ya'ya kaso. Misalin da ya fi jan hankalina shi ne na mutanen Minangkabau a tsibirin Sumatra na Indunusiya. Musulmi ne masu riƙo da addini, sun fitar da manyan malamai, amma gidan dangi da gonakin shinkafa na kaka da kakanni daga uwa zuwa 'ya suke tafiya, miji ne ke tarewa a gidan matarsa. Malamansu sun daɗe suna muhawara a kai, matsayar da aka fi bi ita ce dukiyar da mutum ya nema da kansa a raba ta bisa Shari'a, ta dangi kuma ta zauna a hannun mata ba a sayarwa. Kusa da mu ma, a wurin Buzaye tantin na mace ne, in aure ya mutu namiji ne ke fita. Na kawo waɗannan ne don a ga cewa abubuwa da yawa da muke jingina wa addini, idan aka duba Musulmin wata ƙasa, sai a tarar al'adarmu ce kawai.

Indiya ta nuna iyakar abin da takarda ke iya yi. A can iyayen amarya ne ke biyan dangin ango, an haramta hakan tun 1961, amma har yau hukuma tana rubuta mutuwar dubban mata a shekara saboda rikicin wannan kuɗi. A 2005 aka gyara dokar gadon mabiya Hindu, 'ya ta zama daidai da ɗa a dukiyar dangi. Me ya biyo baya? A yankuna da dama 'ya'ya mata suna sa hannu su yafe wa 'yan'uwansu maza rabonsu, don kada zumunci ya yanke. Dalilinsu shi ne dalilin 'yar Unguwar Rogo. Kuma ƙasar nan ta yi firaminista mace, Indira Gandhi, tun 1966, kamar yadda Fakistan ta yi Benazir Bhutto a 1988. Mace ɗaya a saman mulki ba ta nuna halin da sauran ke ciki. Ruwanda ce ta ɗan bi ta wata hanya: bayan kisan ƙare-dangi na 1994 ta yi dokar gado a 1999 da ta daidaita 'ya da ɗa, daga baya ta bi ƙasar fili-fili tana yi wa filaye rajista, ana rubuta sunan miji da na mata a takardar. Ana yawan ambatar cewa mata sun haura kashi 60 cikin ɗari a majalisar wakilansu, amma a ganina sunan da ke kan takardar filin ya fi kujerun majalisar taɓa rayuwar manomiya.

Ba wai kujerun ba su da amfani ba. Matan Arewa ba su samu ikon ƙuri'a ba sai 1976, shekaru bayan matan Kudu, duk da ɗauri da dukan da Hajiya Gambo Sawaba ta sha a kan haka tun zamanin NEPU. A Majalisar Dattawa ta goma mata huɗu ne cikin 109. A Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki, mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar a Abuja. Biyu daga cikinsu ba ruwansu da rabon muƙami. Ɗaya yana neman gyara sashe na 26, wanda ya ba ɗan Najeriya damar sama wa matarsa baƙuwa zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, amma bai ba 'yar Najeriya irin wannan dama ga mijinta ba. Ɗayan yana neman mace ta iya zama 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara biyar da aure. Mu a Jos mun san nauyin takardar asali fiye da kowa. Macen da ta yi aure a wata jiha takan tsinci kanta a tsakiya, a gida a ce ta tafi, a gidan miji a ce baƙuwa ce. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan kawar da wariya ga mata a 1985, da ta Tarayyar Afirka kan haƙƙin mata, wato ta Maputo, a 2004, amma sashe na 12 na tsarin mulki ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai majalisa ta mayar da ita doka. Duk da haka ƙasar nan ce ta ba Aloma Mukhtar kujerar Alƙalin Alƙalai a 2012, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta fita daga hannun Zainab Bulkachuwa ta shiga hannun Monica Dongban-Mensem, 'yar Filato, a 2020.

Saura lokaci na uku, mutuwar aure, kuma a nan ma tazarar da ke tsakanin littafi da aiki a wurinmu take da faɗi. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce kada a fitar da matan da aka saka daga gidajensu lokacin idda. Mu kuwa takarda ake miƙa mata, wani lokaci yanzu ma saƙon waya, kafin magariba ta ɗaure kaya. Ciyarwar idda da ta 'ya'ya tana kan miji. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare a ɗakin mijinta, muddin uwar ba ta yi wani auren ba, in ta yi ma riƙon yakan koma wurin kakar yaran ta wajen uwa kafin a zo kan uba. Amma abin da aka saba ji shi ne "ɗa na uba ne", a karɓe yaro da an yaye shi a kai wa kishiya, ko kuma a bar mata su duka ba ko ƙwayar hatsi. Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta gyara dokar iyalinta a 2004, ta sa saki ya bi ta gaban alƙali, a tantance haƙƙin mata da na 'ya'ya kafin a kammala shi. Lokacin da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya kawo maganar tsara dokar iyali a 2017, hayaniyar da ta tashi ta fi karatun daftarin yawa.

Ban ga alamar cewa abin da 'yar Hausa Musulma ta fi buƙata a kan gado shi ne sabuwar doka ba. Gladys Ukeje sai da ta rushe al'ada a kotu kafin ta samu rabo, ita kuwa tamu rabonta a rubuce yake, ba mai musunsa a baki. Abin da ya rage ƙananan ayyuka ne da ke hannunmu. A yi rabo da wuri, kafin gado ya hau kan gado. Mace ta zauna a wurin da kanta, ko ta wakilta wanda ita ta zaɓa, ta ji kuɗin da aka yi wa gida daga bakin masanin da ba shi da rabo a ciki. In an yarda ba za a sayar ba, a rubuta kason kowa a takarda da shaidu, kuɗin haya ya riƙa bin wannan kaso duk wata. In za ta yafe, ta yafe bayan abin ya shiga hannunta, domin kyautar da aka yi don kunya ko tsoro malamai ba su ɗauke ta halal ga mai karɓa ba. Magidancin da matarsa ta sayar da awakinta ko sarƙarta aka zuba ɗakin bene da kuɗin, ya rubuta bashi ne ko tarayya tun yana raye. Ƙungiyoyi irin su FOMWAN ta mata Musulmi, da aka kafa a Minna a 1985, da WRAPA mai kare haƙƙin mata a Abuja, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, suna taimaka wa masu neman haƙƙi, amma ba za su iya shiga kowane zaure ba.

Wanda yake shiga kowane zaure shi ne limamin unguwa. A kowace jana'iza a garin nan akan yi shela cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya ga iyalansa, kuma mutane suna ɗaukar wannan da muhimmanci, domin an karantar da su cewa bashi yana riƙe mamaci. Limamin da ya yi wannan shela zai iya komawa gidan bayan an share makoki ya tambayi ranar da aka sa don rabo, ya nemi a kira masa 'ya'ya mata da matan mamaci ya ji daga bakinsu, in kuma an wuce ranar ya sake dawowa ya tambayi dalili.